Bayanan tonon kayan tarihi a Sudan: a buɗe wa kowa ko a kulle?

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gaban manya.

Duk mun ga hotunan gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum bayan sojoji sun karɓe birnin daga hannun dakarun RSF da suke yaƙi da su a watan Maris na 2025. Akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin da aka adana zinariyar sarakunan tsohuwar daular Kush wayam, sai manyan gumakan dutse da haikalan farfajiya da suka gagari ɗauka. A 1971 aka buɗe gidan nan, da yawanmu makaranta ce ta fara kai mu. To abin da ya tafi ya tafi, saura tambaya ɗaya: da me za a nemo shi? In gobe aka tsinci abin wuyan wata sarauniya a hannun dillali a Turai, ba rantsuwa za a karɓa daga gare mu ba. Lambar rajista za a tambaya, da hoto, da awo, da inda aka tono shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ma haka ta tanada: kayan da aka sato daga gidan tarihi, sai an nuna suna cikin rajistar gidan kafin a nemi a mayar da su. Rajistar kuwa in kwafi ɗaya ce a kabad ɗin ofis, ranar da ofis ya ƙone ita ma ta tafi.

Ni dai a ganina, duk tonon da aka taɓa yi a ƙasar nan, bayanansa su fito fili a intanet, kyauta, kowa ya sauke ya yi aiki da su. Fannin nan na karanta, na kuma sha ƙurar fili, shi ya sa abin ke damuna haka.

Baba Alhaji na Gadarif:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana. Amma fahimtar da ni, don ni manomi ne. In an ce kayan tarihi na gane, tukunya ce ko gunki ko zobe. Su waɗannan bayanan da kake cewa a buɗe, mene ne su? Kuma wa za su amfana ban da ku 'yan jami'a?

Ɗan Mai Wurno:
Amin Baba. Ai tono ba kamar noma ba ne, da in damina ta ƙi za a sake baɗi. Wurin da aka tona an tona shi ke nan har abada. Shi ya sa mai tono ba ya ɗaga ko tsingaro sai ya rubuta. Ana kafa ƙusoshi a ja igiya a fitar da murabba'i, a riƙa kankare ƙasa da cokalin magini kaɗan-kaɗan, a zuba a rariya a tankaɗe. Duk abin da ya fito, a jefa shi jakar leda tare da kati mai lambar rami da zurfinsa. Da yamma a zauna a cika littafin fili, a zana yadda ƙasar ta hau kan juna, toka a nan, yumɓu a can. Littafin nan, da hotuna, da taswira, da rajistar kaburbura, da sakamakon gwajin da ke faɗin shekarun gawayi ko ƙashi, su ne bayanan. In babu su, tukunyar Kush da ta kasuwar Gadarif ba wanda zai bambanta darajarsu a ilimi.

Batun amfani kuwa, dawarka zan kawo maka. A wajen Khashmul Girba akwai wani kufai da masu bincike suka sa wa lamba KG23. Wata tawaga daga Amurka tare da Jami'ar Khartum suka tona shi a shekarun 1980, suka kwashe tsingaro suka adana da lambobinsa. Sai bayan shekara 30 wasu masanan tsirrai suka sake duba tsingaron nan da madubin ƙara girma. Ashe maginan tukwanen suna cakuɗa yumɓu da ƙaiƙayin dawa, siffar ƙaiƙayin ta zauna daram a jikin tukunyar. A 2017 suka buga sakamakon: wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen yankin sun riga sun fara mayar da dawar daji ta gida. Yana cikin mafi daɗewar shaidar noman dawa da aka sani a duniya, kuma maƙwabtanka ne Baba. Da masu tonon farko sun kulle katunansu, da wannan labari bai fito ba.

Baba Alhaji na Gadarif:
Ikon Allah. Dawar da muke lodawa a mota kullum. To na fara ganewa.

Malam Habu Atbara:
Ƙanena, na ji ka, amma ba zan bi ka ba sai da sharaɗi. Ni a arewa nake zaune, kasuwar masu haƙar zinariya a gabana take. Tun da na'urar neman ƙarfe ta shigo ƙasar nan, ba tudun da ya tsira. Kun manta Jabal Maraga a hamadar Bayuda? A 2020 jami'an hukumar kayan tarihi suka isa wurin, suka tarar da mutane da motocin haƙa guda 2 sun yi rami mai zurfin mita 17 a tsakiyar wurin da ya kai shekara 2000. Duwatsun ginin ma sun jera su sun yi rumfar cin abinci. Wannan fa ba taswira a hannunsu. Yanzu kai kana so a ɗora musu jerin kufai duka a waya, kowanne da lambar GPS ɗinsa? Wallahi mako ɗaya ya yi yawa.

Yaya Rabi (Alƙahira):
Malam Habu, gaskiyarka a kan wuri, amma kada mu haɗa wuri da sauran bayanan mu kulle gaba ɗaya. An daɗe da samo hanyar wannan. A Amurka akwai ma'ajiyar da ke nuna dubban wuraren tarihi, amma ba ta nuna takamaiman wuri sai dai murabba'i mai faɗin kusan kilomita 20. Mai nazari ya samu abin da yake so, ɓarawo bai samu komai ba. Shirin EAMENA, mai tattara bayanan wuraren tarihin da ke cikin haɗari a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, da aka fara a Oksfod a 2015, shi kuma sai ka nemi izini an tantance ka kafin a ba ka shiga. Mataki-mataki ake yi. Hoton kaya da bayaninsa na kowa ne, wurin da ba a tona ba tukuna na hukuma ne da wanda ta amince masa.

Kuma bari in faɗa muku abin da kullewa ke jawowa, don ni a jikina nake ji. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan tukwanen yankin Jazira na tsakiyar Sudan. Rabin maƙalun da nake buƙata an rubuta su ne a kan ƙasarmu, da ƙasusuwan mutanenmu, amma in na danna sai a ce in biya da dala, ni da katin banki ma ba ya mini aiki tun da muka fito. Na rubuta wa wani mai bincike a waje ina roƙon jadawalin awon tukwanen da ya tona, ya amsa mini cewa bai gama bugawa ba. Tonon nan an yi shi ina firamare.

Ɗan Mai Wurno:
Yauwa Yaya Rabi. Kuma tunda kin ambaci Jazira, mu dubi Jabal Moya da ke nan yamma da Sinnar, a bayan gidanmu. Henry Wellcome, attajirin magunguna, ya tona wurin daga 1911 zuwa 1914 da dubban leburori, har yana ɗaga kyamara da filfilo yana ɗaukar hoto daga sama. Gawarwaki sama da 3000 aka tono. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, aka loda kaya aka kai Ingila, suka yi ta yawo daga sito zuwa sito, wasu suka lalace, wasu katunansu suka ɓace. Wellcome ya rasu a 1936 bai buga rahoto ba, sai 1949 Frank Addison ya fitar da shi. Abin da ya ceci Jabal Moya shi ne rajistar kaburburan da ta tsira. Kusan shekara 100 bayan tonon, wani mai bincike, Michael Brass, ya bi rajistar nan kabari bayan kabari, ya haɗa da sabon gwaji a kan tukwane, ya nuna yawancin kaburburan na makiyaya ne da suka yi zamani da daular Marawi, wato zangon ƙarshe na mulkin Kush. Daga nan aka koma fili a 2017 tare da Jami'ar Khartum da hukumar kayan tarihi. A 2024 kuma kun san yadda aka gwabza yaƙi a kan dutsen nan. Yau abin da muke da shi a hannu shi ne abin da aka rubuta aka yaɗa.

Abin da ke ƙona mini rai, ɗan Sinnar da ke son ganin takardun nan na asali sai ya nemi bizar Ingila.

Kawu Sale Jidda:
Ni ina daga gefe ina saurare, bari in jefa tawa. Ɗana, "a buɗe wa kowa" magana ce mai daɗi, amma kowa ɗin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. In ka ɗora bayanan yau, wa zai fara cin moriyarsu? Wanda ke da wuta awa 24, da kwamfuta mai ƙarfi, da ɗakin gwaji, da albashin zama ya yi rubutu. Malamin jami'armu yana gudun hijira, yana koyarwa ta WhatsApp daga gidan haya. Shi ya sha rana ya tattara, wani a ƙasar sanyi ya sauke cikin minti 5 ya buga da sunansa. A da kaya ake kwasa a jirgin ruwa. Wani ɗan Italiya mai suna Ferlini ya zo a 1834 ya rusa kawunan dalolin kaburburan sarakuna da ke Bajarawiyya, ya kwashe zinariyar Sarauniya Amanishakheto, ga ta can a Munik da Balin har yau. Kada mu wayi gari mun miƙa bayanan ma da hannunmu.

Yaya Rabi (Alƙahira):
Kawu, wannan tsoron ba kai kaɗai ke da shi ba. A 2016 masana suka fitar da ƙa'idojin da ake kira FAIR, wato bayani ya zama ana iya nemo shi, a same shi, ya haɗu da wani, a sake aiki da shi. Sai al'ummomin asali na ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada suka ce wannan bai isa ba, ina haƙƙin mutanen da bayanan ya shafa? Suka kawo nasu, CARE, wanda ya ce amfanin ya koma wa al'umma, kuma su ke da ikon cewa e ko a'a.

Amma Kawu duba wani abu. A yanzu da bayanan ke kulle, a wurin wa suke kulle? Ba a Khartum ba. Takardun Reisner, Ba'amurken da ya tona tsohon birnin Karma daga 1913 zuwa 1916 sannan ya wuce Jabal Barkal da Nuri da Kurru, suna Boston. Zane-zanen bangon tsohon cocin garin Faras da 'yan Poland suka ceto kafin ruwan madatsar Aswan ya ci wurin, an raba su tsakanin Warso da Khartum. Su can suna da mabuɗi tun tuni. Buɗewa ba su za ta ƙara wa komai ba, mu za ta ƙara wa. Abin da za mu tsaya a kai shi ne sharaɗi: mai tono yana da wa'adi na 'yan shekaru ya buga aikinsa, bayan nan ya saki. Duk wanda ya yi amfani da bayanan dole ya ambaci mai su, kamar yadda lasisin Creative Commons ya tanada. Kuma kwafi cikakke ya zauna a hannun hukumarmu da jami'o'inmu kafin tawaga ta hau jirgi.

Kawu Sale Jidda:
In da sharaɗin nan a rubuce cikin takardar izinin tono, na sassauta. Amma a rubuce, ba alkawarin baki ba. Kuma a fassara zuwa Larabci. Bayanin da ke Jamusanci ko Polanci a buɗe yake ko a rufe, ga yaron Shandi duk ɗaya ne.

Hajiya Malama Bur Sudan:
Sannunku da muhawara. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne mamatan. Kuna ta cewa rajistar kaburbura, ƙasusuwa, hotuna. Waɗannan fa mutane ne, an binne su da kuka. Ko ba Musulmi ba ne, 'yan Adam ne. Ban yarda a baza hoton ƙwarangwal a Facebook yara suna sa masa dariya ba. Awo da lissafi a ba masana, amma hoton gawa a sa masa shamaki.

Sannan a riƙa tambayar masu wuri. Lokacin gina madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009, tawagogi daga ƙasashe da dama sun zo ceton kayan tarihi kafin ruwa ya taso. Manasir, ƙabilar da ke zaune a wurin, suka ce musu su fice daga ƙasarsu. Ba don sun ƙi tarihi ba, sai don sun ga ana tattalin tsingaro alhali su masu rai ana shirin tashinsu ba a biya musu buƙata ba. Duk bayanin da aka tara ba da yardar mutane ba, ko an buɗe shi, da sauran magana.

Ɗan Mai Wurno:
Hajiya wannan haka yake, na karɓa. Kuma maganarki ta tuna mini da waɗanda sunansu ba ya fitowa ko kaɗan. Shugabannin leburorin Reisner 'yan garin Kuft ne na Masar, kuma sun riƙa rubuta nasu littafin fili da Larabci kullum. Littattafan nan suna hannun zuriyarsu ba wanda ya kula, sai a 2006 aka gano su. Leburorin Sudan da suka ɗauki kwando a ka kuwa, da wuya ka ga sunan ɗaya a rahoto. In za a buɗe bayanai, a buɗe har da takardar biyan albashi, jikoki su ga sunan kakansu.

Reisner ɗin nan ma darasi ne. Ya ga Dafufa, katafaren ginin tubalin laka, da manyan kaburburan Karma, ya ce ai sansanin Misirawa ne, don zuciyarsa ba ta ba shi baƙar fata za su yi wannan ba. Amma mutum ne mai rubuta komai dalla-dalla. Da rubutunsa na kansa, haɗe da tonon da Charles Bonnet ya fara a 1977, aka rushe fassararsa, aka tabbatar Karma babbar daula ce ta 'yan ƙasa. Mai tono zai iya kuskuren fahimta, amma in ya bar bayanansa a fili, na baya za su gyara.

Malam Habu Atbara:
To ni yanzu saura abu ɗaya. Wa zai riƙe ma'ajiyar? In a waje take, mun koma gidan jiya. In a Khartum take, mun ga abin da ya faru.

Yaya Rabi (Alƙahira):
Duka biyun Malam, har da na uku. Amfanin kwafi ke nan, ba ya ƙarewa don an raba. Friedrich Hinkel, Bajamushen da ya kwance haikalan Buhen da Samna ya dawo da su farfajiyar gidan tarihi, ya rasu a 2007 ya bar tarin hotuna da taswirori na wuraren tarihin ƙasar nan. Cibiyar binciken kayan tarihi ta Jamus ta mayar da su na kwamfuta da kuɗin shirin Katar da Sudan, suna intanet yanzu. Shirin Sudan Memory ma ya ɗauki hoton takardu da kayayyaki masu yawa kafin yaƙi. Mujallar Sudan & Nubia tsofaffin fitowarta kyauta ne, da su nake rayuwa a nan. Rubuce-rubucen bangon haikalan Musawwarat ma an ɗora su, wasunsu da rubutun Marawi ne. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don rubutun Marawi mai harafi 23 tun 1911 wani Bature masani, Griffith, ya gano yadda ake furta shi, amma har yau ba a gama fahimtar harshen ba. Ba abin da zai buɗe shi sai an tara rubutu da yawa wuri ɗaya ana gwama wannan da wancan, kuma wa ya sani ko ɗan Nuba ne da harshen gidansu zai gano abin da ya gagari farfesoshi.

Goggo Asabe Damazin:
Ni ban yi karatunku ba 'ya'yana, amma ina da tsoro ɗaya. Mun ga abin da ya same mu a nan a rikicin ƙabilanci na 2022. Maganar wa ya riga wa zuwa ita ta ci rayuka. In aka baza irin wannan bayani, wani ba zai ɗauki tsingaro ya ce ga shaida ƙasar kakansa ce, mu baƙi ne ba?

Ɗan Mai Wurno:
Goggo, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Tsoronki a kan hanya yake. Amma tsingaro ba ya ɗauke da sunan ƙabila, kuma duk masanin kirki zai faɗa miki haka. Mai son ƙarya da tarihi ya fi samun sarari in ba wanda zai iya duba asalin takardar ya ƙaryata shi. Abin da tono ke nunawa a ƙasar nan kullum shi ne mutane na shigowa, suna fita, suna cakuɗuwa.

Mu ma muna da namu da ya kamata a adana. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a har bakin kogin Shuɗin Nilu aka kafa garinmu na Mai Wurno. Kafin su ma alhazai sun daɗe suna bin hanyar nan da ƙafa, suna yada zango, suna haƙa rijiya, suna binne nasu. Kakanninmu sun yi aiki a gonakin audugar Jazira. Wa ya taɓa zana taswirar zangunan nan? Wasiƙun ajami da ke cikin akwatunan tsofaffinmu, wa ya ɗauki hotonsu? In ba mu rubuta ba, ba wanda zai zo ya rubuta mana.

Hajiya Malama Bur Sudan:
To mu fara da abin da ke hannunmu. Ina da hotunan da na ɗauka a gidan tarihi lokacin da na kai ɗalibai kafin yaƙi, wasu har katin bayanin da lambar kayan sun fito sarai. Na tabbata ba ni kaɗai ba ce. Suna da amfani?

Yaya Rabi (Alƙahira):
Sosai Hajiya. Hoton da lamba ta fito a ciki shaida ce. Kada ki gyara shi, kada ki yanke gefe, ki turo shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya rage masa kyau, ki rubuta shekarar da ɗakin da kika ɗauka in kin tuna. Ni zan buɗe jadawali in jera su, mu miƙa wa hukumar kayan tarihi, su ne ke da hurumin kai wa Interpol. Masu hoton wurin da ke daji kuwa, kada ku saka a nan. Waya tana liƙa wa hoto lambar wurin da aka ɗauke shi, sai an cire tukuna.

Malam Habu Atbara:
Wannan na ƙarshen a maimaita shi da babbar murya. Ina da na wani tudu mai zanen shanu a jikin dutse, ba zan turo ba sai kin nuna mini yadda ake cirewa.

Baba Alhaji na Gadarif:
Akwatin marigayi mahaifina na nan da takardu a ciki, wasu tun na hanyar Makka. Ɗana in hanya ta yi kyau ka zo da wayarka, amma a gabana za ka buɗe, kuma wasiƙun da suka shafi iyali ba za su hau intanet ba.

Ɗan Mai Wurno:
Na yarda Baba, kai za ka ware da hannunka. Yaya Rabi, ki ƙara layi biyu a jadawalin, ɗaya na sunan mai hoto, ɗaya na ko ya yarda a yaɗa ko a'a.